Muryar da Aka Ɗora Mini

Ni ba ni da murya, kuma ban taɓa cewa ina da ita ba. In na ɗaga waƙa a coci, wadda ke kusa da ni takan ɗan matsa, kamar tana gyara zama. Muryata ta ciniki ce. Shinkafa nake saya a Argungu, shanshera da ƙaiƙayinta, in kawo Birnin Kebbi mu turara, mu shanya, mu kai inji, kuma duk mai wannan sana'a ya san in ba ka buɗe maƙogwaro ba masu awo za su taka ka su wuce. Amma shekara da shekaru matan cocinmu sun yi imani cewa ni ce na fi kowa zaƙin murya a ƙasar Kabi, sai dai Allah ya karɓi abinsa. Mahaifiyata ce ta ɗora mini wannan ƙarya. Muryar ta ƙanena ce, autanmu.

Iyayenmu mutanen Filato ne. Baba ya zo Kabi yana saurayi, yana gyaran injin ban ruwa daga Zauro har Augie, kuma mu duka a nan aka yanke mana cibi. Yana da amini a Argungu, Musulmi, manomin shinkafa, wanda muke kira Baban Argungu. In hutun makaranta ya zo daidai da lokacin da shinkafa ta fara ido, can ake tura mu korar tsuntsaye jan baki. Sauran yara suna jan igiya mai gwangwanaye ko su wurga majajjawa. Auta ba ya taɓa ko ɗaya. Sai ya hau rumfar kara ya saki wani siririn kira mai tsawo, ya lanƙwasa shi a ƙarshe, ka ji shi har ƙetaren fadama. A lokacin ba wanda ya ga laifinsa, tunda kowane yaro muryarsa siririya ce.

Rigima ta fara ne da ya zama saurayi. Muryar magana ta fashe ta yi kauri, gemu ya tsiro, amma in ya buɗe baki zai yi waƙa sai ta saman nan ta fito, ta ma fi da ƙarfi. Malamin waƙa na cocinmu tsohon hedimasta ne, mutum mai tsanani, yana da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa a gwiwa ya kai kunne kafin ya ba da murya. Tsarinsa mata a gaba, maza a baya, kowa da layin waƙarsa. Wata rana ana koyo ya tsayar da kowa, ya tambaya wace ce ta ɓuya cikin maza. Da ya gano Auta ne, sai ya ce masa a gaban kowa a nan namiji muryar maza yake yi, in kuwa ta mata yake so to ya je ya ɗauro zane.

Maganar ba ta tsaya cikin coci ba. Ta bi shi famfo, ta bi shi makaranta. Wata safiya muka tashi muka tarar an rubuta ɗan daudu da gawayi a bangon gidanmu. Mama ce ta ɗauko bokiti da soso ta wanke da hannunta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ni kuwa na gano yaron da ya rubuta, na tare shi a bakin kasuwa na yaga masa riga har ƙasa, kuma in da za a maimaita yau zan ƙara masa da wandon. Auta ya bar ƙungiyar mawaƙa. A gidanmu aka daina jin waƙa, ko a banɗaki.

Ya tafi jami'a a Jos, daga nan Legas, inda ya shiga wata ƙungiyar mawaƙa yana maƙale muryarsa a ƙasa don a bar shi lafiya. Wata malama da ta zo daga Turai koyarwa ta ji shi yana wasa da ta saman a bayan ɗaki, ta kira shi. Ita ta gaya masa abin da ba wanda ya taɓa gaya masa, cewa wannan murya sananniya ce, tana da suna, kantateno, kuma akwai waƙoƙi jibgi da aka rubuta wa murya mai tsayinta shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ya buga mini waya ranar yana magana kamar wanda aka kora da gudu. Bayan Baba ya rasu ya samu gurbin karatu a Jamus, ya tafi.

Abin da yake yi yanzu sunansa opera, wato wasan kwaikwayo da ba a magana a ciki, komai da waƙa ake faɗa, ga makaɗa da yawa zaune a ƙasan dandamali. Shi tsohon salo ya riƙe, wanda suke kira barok, galibi da harshen Italiya. Abin da ya fi yi mini daɗi, kuma nake so malamin waƙarmu ya sani, shi ne a waɗannan wasanni masu irin muryarsa su ne sarakuna da sarakunan yaƙi. Auta ya ci garuruwa, an ɗaure shi da sarƙa, ya mutu da takobi a hannu a Italiya da Faransa da Ingila, har Japan an kai shi ya mutu. Rayuwarsa akwati ce da ɗakin haya da layin neman biza. Yakan yi makonni yana koyon wasa ɗaya. Ranar da zai hau dandamali ba ya magana, ba ya cin yaji, sai ruwan ɗumi da mayafi a wuya kamar mai jego. Kuma ba sa amfani da lasifika. Da maƙogwaron da Allah ya ba shi yake cika zauren da ya fi cocinmu girma nesa ba kusa ba.

Waƙarsa ta farko da aka ɗauka ya turo ta wayar Mama. Lokacin an yi mini aikin maƙoƙo, ina kwance a ɗakinta da bandeji a wuya, ko ruwa sai da alama nake nema. Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta kunna waƙar tana ta maimaitawa. Sai ga uwar zumuntar matan cocinmu ta shigo duba ni. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta saurara, ta tambayi Mama wace baiwar Allah ce wannan. Ina jin su ta taga. Sai Mama ta ce ɗiyarta ce, wadda ke kwance, an ɗauka ne tun lokacin da ta zauna wurin gwaggonta a Jos, wata Baturiya ta koya mata. Uwar zumunta ta shigo ɗakin da hawaye, ta dubi bandejin, ta kama hannuna tana cewa Allah ya ba ni haƙuri. Na yi ta girgiza kai, ita kuwa ta ɗauka zafin ciwo ne.

Kafin in warke labarin ya gama unguwa, an tura waƙar daga waya zuwa waya. Da na buɗe baki muryar nan tawa ta fito a dushe, sai kowa ya ce ga shi nan, wuƙar likita ta yi ɓarna. Na ce musu ba ni ba ce, suka ce kawaici ne. Na rantse, suka ce baƙin ciki ne ya sa ba na son a tuna mini. Har waɗanda suka san ni tun ina rarrafe, waɗanda suka sha toshe kunne in na yi waƙa, suka fara tunawa cewa ai dama can da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki. In na shiga taro sai idanu su sauka a kan tabon wuyana. Wata ta taɓa kawo mini zuma da citta, wai ko Allah zai sa a dace.

Da abin ya ishe ni, na tara wasu daga cikinsu a shagona na nuna musu bidiyo. Ga Auta nan da gemunsa, da rigar ƙarfe da takobi, yana waƙa, jijiyar wuyansa a miƙe. Suka kalla har ƙarshe, suka yaba. Sannan uwar zumunta ta ce lallai yaron ya iya mamin, bakinsa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ai duk mun saba a finafinanmu na Hausa, ɗan wasa yana motsa baki ne kawai, mai waƙar yana can situdiyo ba a ganinsa. Suka ce na kyauta da na ba ƙanena muryata yana cin abinci da ita a ƙasar Turawa, haka ake son 'yan uwa. Na kashe wayar na ce kowa ta tashi, zan rufe shago.

Ranar na tafi gida na sami Mama, na ce ta je ta warware abin da ta ƙulla. Ba ta musa ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba.

"Ke ba abin da zai same ki," in ji ta. "Tausayinki kawai za su ji. Shi kuwa in suka sani, da baki za su cinye shi. Ni na wanke bangon nan, ba ke ba."

Na san tsoro ne, kuma na san daga ƙauna ya fito, amma hakan bai rage mini haushi ba. A kowace ƙasa ya je, takardar wasan da ake raba wa 'yan kallo tana cewa haifaffen Birnin Kebbi ne. A Birnin Kebbi kuwa shi ɗan motsa baki ne. Ya ji labarin daga wani ɗan cocinmu da ya rubuta masa a waya yana jinjina wa muryar yayarsa. Da muka yi magana ya yi dariya sosai, har ya ce in turo masa wata sabuwa. Amma daga ranar bai sake tura wa Mama waƙa ba. Yakan kira ta, su gaisa, ya tambayi ƙafarta, ta tambayi sanyi. Gida kuwa sai ya riƙa cewa aiki ya yi yawa, har shekaru suka taru.

Sai ga shi Mama ta ce ta gaji, za ta koma Filato ta ƙarasa kwanakinta kusa da 'yan uwanta. Coci ta shirya mata taron ban kwana. Uwar zumunta ta zo da murna ta gaya mini sun tsara wani abu na musamman: za a kunna waƙata a lasifika, don a tuna da baiwar da Allah ya taɓa ajiyewa a gidan nan. Na dube ta har ta tambaye ni ko lafiya. Na gane in Mama ta hau motar nan da ƙaryar a bakinta, shi ke nan, ƙaryar ta zauna har abada, kuma ita da ɗanta za su ci gaba da gaisuwar ƙafa da sanyi har ɗayansu ya mutu.

Na kira Auta. Ya fara lissafa mini inda zai je da inda ake jiransa. Na ce ban kira don jin wannan ba. Na ce uwarka za ta bar garin da aka haife ka, za a kunna muryarka a gaban mutumin da ya ce ka ɗaura zane, a tafa mini. In hakan ya yi maka, zauna. Na kashe wayar kafin ya amsa, don na san halinsa, in aka ba shi dama zai lallaba ni. Ya zo.

Mama ta yi kuka, ta taɓa gemunsa, ta ce ya rame, ta dafa masa gwate da tuwon shinkafa har da abin da bai nema ba. Da aka gama ci sai ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, ranar taro ya zauna kusa da ita kawai, kada ya biye wa yayarsa. Ya ce to. Mutumin da ke tsayawa gaban zaure cike da baƙi ya ce to kamar ɗan firamare. Na tattara kwanuka da ƙarfin da ya sa ɗaya ya lotsa.

Mawaƙi irinsa dole ya motsa murya kullum, in ba haka ba ta daskare, kuma a gidan ba hali. Saboda haka da safe na ce ya raka ni Argungu sayen shanshera. Muka sami Baban Argungu a gona, ya tsufa, yana zaune a gindin rumfa jikokinsa suna aiki. Ya rungume Auta, ya yi wa Baba addu'a, ya yi masa tsiyar rashin aure. Auta ya nemi izini ya gangara cikin fadama, ya ciro ɗan ƙarfe mai baki biyu irin na malamin waƙa, ya buga a gwiwa, ya fara hawa da sauka da murya. Wannan ne karo na farko da na ji shi da kunnena tun yana saurayi. Waya ƙarya take yi, ba ta kawo rabin abin. Masu aiki a gonakin maƙwabta suka miƙe suna waige.

Baban Argungu ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Wanga ai kiran tsuntsayenai na, sai dai an gyara mai shi," in ji shi. "Ni tun randa uwakku tac ce taki ta, nis san ba taki ba ta. Amma ba a ƙaryata matar aboki."

Da Auta ya dawo yana goge zufa, tsohon ya tambaye shi me yake tsoro. Auta ya ce a can in an yi masa dariya baƙi ne, gobe ya hau jirgi. A nan kuwa ya san fuskar kowa, ya san wanda ya fara dariya ranar da aka ce ya ɗauro zane da inda yake tsaye, kuma Mama ce za ta kwana da abin. Tsohon bai ba shi shawara ba, ya ce wannan tsakaninsa da uwarsa ne. Ni ce ban iya shiru ba. A mota na gaya masa abin da zan yi: suna kunna waƙar zan kashe janareta. In ya tashi ya yi, to. In bai tashi ba, ni zan yi musu waƙar da muryata tun daga farko har ƙarshe, su ji baiwar da suke kuka a kanta. Ya ce ba zan iya ba. Na ce ya tambayi yaron da na yaga wa riga.

An yi taron da la'asar a harabar coci, ƙarƙashin rumfuna, janareta yana ta ruri a bayan ɗakin fasto. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka ba Mama atamfa da kuloli da bargo saboda sanyin Jos. Malamin waƙa yana layin gaba da sandarsa, gashi ya yi fari fat. Auta yana gefen Mama cikin kwat, yana gaisawa da mutane da muryarsa mai kauri, suna tambayarsa yaya aikin fim. Sai uwar zumunta ta karɓi makirfo ta yi bayani a kaina mai sosa zuciya, ta ce a kunna.

Na bari makaɗan suka fara, muryar ta shigo. Sannan na zaga baya na murɗe makunnin janareta. Wurin ya yi tsit, har ana jin awakin maƙwabta. Yaran da ke kula da na'ura suka taso, na ce duk wanda ya taɓa injin nan ni da shi ne. Na ɗauki ruwan leda a kan tebur na tsaya tsakiyar fili. Ba na bukatar makirfo, ni da nake ciniki a kasuwar Argungu.

"Jama'a, ku gafarce ni," na ce. "Muryag ga ba tau ba ta. Ban taɓa iya waƙa ba, likita bai yanke min komi ba sai maƙoƙo. Ga mai ita nan zaune. Ni zan cika bakina da ruwa, kowa shi gani, don kada a ce ni ka yi mai daga gefe."

Na fasa ledar na cika baki har kumatuna suka kumbura. Sai na tsaya. Auta bai motsa ba. Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. A nan na gane wautar shirina, don in bai tashi ba sai na haɗiye ruwan na cika alkawari, ni kuwa ko kalma ɗaya ta Italiyanci ban sani ba. Wani ya fara dariya a baya. Na kafe Auta da ido irin kallon da nake yi masa tun yana yaro in ya ƙi wanka.

Ya tashi. Ya cire kwat ɗin ya ajiye a kujera, ya fito da wayarsa ya ɗora a kan kwat ɗin, ya zazzage aljihunansa kowa ya gani. Ya buga ɗan ƙarfen a gwiwa ya kai kunne. Wata ta ce to ga na'urar nan, a ciki muryar take. Sai Auta ya taka har gaban malamin waƙa ya miƙa masa ƙarfen da hannu biyu. Tsohon ya karɓa, don ya san ko mene ne. Auta ya dawo ya tsaya kusa da ni, ya ja numfashi.

Da muryar ta fito samari suka fashe da dariya, ba zan ɓoye ba. Ganin ƙaton namiji da gemu, ga abin da ke fitowa daga bakinsa, ya fi ƙarfinsu. Wasu dattawa biyu suka tashi suka fice. Na ji kamar in tofa musu ruwan a ƙeya. Auta bai tsaya ba. Waƙar wani sarki ce da aka ci da yaƙi, yana ban kwana da garinsu, a hankali take tafiya, kuma yana riƙe sauti ɗaya ya fara shi siriri ya yi ta buɗe shi har ka ji shi a ƙirjinka. Dariyar ta ragu, ta mutu. Na ga wata mata ta zaga bayan rumfa tana leƙen inda aka ɓoye lasifika, ta dawo ta zauna. Uwar zumunta tana duban bakinsa, ta dubi kumatuna, ta sake duban bakinsa.

Ya shiga wani sashe mai sauri da fushi, ya kai ƙarshensa ya ɗan dakata. Mutane suka fara tafi, ni ma na yi shirin haɗiye ruwana. Sai ya koma farko. Ashe haka tsarin waƙoƙin nan yake, a yi na farko, a yi na biyu, a dawo na farko, kuma a dawowar ne mawaƙi ke ƙara nasa ado yadda ya ga dama. Bai gaya mini ba, kuma har yau ina zargin da gangan ne. Muƙamuƙina ya ƙage, ruwa ya fara bin haɓata yana sauka kan tabon, amma na rantse ko zan shiɗe ba zan buɗe baki ba. Kusa da ƙarshe ya haura sama ya lanƙwasa sautin, nan take na gane shi. Kiran rumfar kara ne, na fadamar Argungu, ya saka shi cikin waƙar Turawa.

Ya gama. Na tofar da ruwan a ƙasa ba tare da neman gafarar kowa ba. Tafin bai zo gaba ɗaya ba, wasu suka yi da ƙarfi, wasu suka naɗe hannu. Malamin waƙa ya buga ƙarfen a gwiwarsa ya saurara, ya ce yaron bai sauka daga inda ya fara ba ko kaɗan. Ya miƙa masa abinsa, ya ƙara da cewa shi dai bai sake ra'ayi ba. Auta ya ce ya gode, Malam. Ni ban gode ba.

Mama har lokacin kanta yana ƙasa. Uwar zumunta, wadda ba ta son a bar kowa cikin kunya, ta matso ta dafa ta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai jini ɗaya ne, yayar ce ta koya masa kafin tata ta tafi, don haka Mama ba ta faɗi abin da ba shi ba. Hanya ce ta buɗe mata, mai faɗi, kuma na ga mutane sun fara gyaɗa kai za su bi. Duk wahalar ruwan nan za ta tashi a banza.

Mama ta ɗago. Ta dafa kujera ta miƙe a kan ƙafar nan mai ciwo.

"Wannan?" ta ce, tana nuna ni da haɓa. "Wannan ko kaji ta kira ba sa zuwa. Ba ta koya masa komai ba. Ƙarya na yi muku, ni kaɗai. Muryar ɗana ce, da ita na haife shi."

Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Auta ya rufe fuska da hannu ɗaya, kafaɗunsa suna rawa. Yaran na'ura suka tambaya ko su tada janareta, Mama ta ce su bar shi. Ta koma ta zauna, ta gyara ɗankwalinta, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa.

"Auta, sake yi," in ji ta. "Ɗazu ban ɗaga kai ba. Ban gan ka ba."

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya buga ƙarfen a gwiwa.